Sauke madubin banɗaki daga bango ba da ƙarfi ake yi ba

Tambaya: Assalamu alaikum. Za mu tashi daga gidan haya ƙarshen watan nan, kuma akwai wani babban madubi da na sa aka manna mana a banɗaki shekara uku da suka wuce, a kan tayil, saman besin ɗin wanke hannu. Zai kai ƙafa huɗu a tsaye, uku a kwance, kuma ban ga ƙusa ko ɗaya a jikinsa ba. Uwargida ta ce ba za ta bar shi ba, mai gidan kuma ya ce duk tayil ɗin da ya fashe ni zan biya. Na zura sukurudireba ta gefe na ɗan banƙara, sai na ji ya yi ƙara, na dakata. Yaya zan cire shi lafiya?

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, ka gode wa Allah da ka ji ƙarar nan ka dakata. Da ka ƙara danna hannunka ko da kaɗan ne, da yanzu tambayar yadda ake kwashe fasasshen gilashi kake aiko mini, in ma ba daga layin ɗinki a asibiti kake rubutowa ba. Na haura shekara ashirin ina aikin gilashi da alminiyam, kuma mafi yawan madubin da aka kira ni bayan ya riga ya mutu, sukurudireba ne ko bakin adda ya kashe shi. Don haka ka mayar da naka cikin durowa tukuna. Madubin da aka manna ba a ɓamɓare shi. Abin da ya riƙe shi ake bi ta baya a yanke, shi kuwa gilashin a bar shi tsaye cak inda yake har ya rabu da bango don kansa.

Bari in gaya maka abin da kake kokawa da shi. Gilashin ƙofar mota an gasa shi a wuta an sanyaya da sauri, shi ya sa in ya fashe yake zubewa ƙanana-ƙanana kamar tsakuwa. Madubin banɗaki kusan duka ba a yi masa wannan gashin ba. In ya tsage, dogo-dogo yake tsagewa, kowane yanki da tsini kamar takobi, kuma ƙasa yake yi da nauyinsa, inda hannunka da ƙafarka suke. Nauyin ma ba na wasa ba ne. Lissafin da muke yi a shago shi ne, kowane murabba'in mita ɗaya na gilashi yana da kilo biyu da rabi a kan kowace milimita ta kauri. Naka mai ƙafa huɗu da uku ya ɗan haura murabba'in mita ɗaya. In kaurinsa milimita 4 ne, kilo 11 ke nan. In 5 ne, kusan 14. In 6 ne, ya doshi 17. Kilo 14 a buhun shinkafa ko yaro ya ɗauka. Amma a abu mai santsi, mai kaifi ta gefe huɗu, wanda ba shi da mariƙi, kana kuma tsaye a ɗan ɗaki mai ƙunci da tayil a ƙarƙashin ƙafarka, maganar ta sha bamban.

Na san za ka iya cin karo da bidiyon Turawa, musamman na Amurka, inda mutum yake cusa 'yan siraran katakai a bayan madubi yana bubbugawa a hankali har ya saki. Kada ka kwaikwaye su. Bangon cikin gidajensu yawanci allon jifsam ne mai takarda a fuska, ɗan'uwan wanda ake yin silin da shi a nan. In suka banƙara, takardar ce take yagewa ta biyo gam, madubi ya tsira, daga baya su shafe wurin su yi fenti. Namu bulo ne da filasta da tayil, babu abin da zai yage. Ƙarfin da ka sa dole ya sauka a kan ɗaya cikin uku, ko gam, ko tayil, ko gilashi, kuma gam irin silikon mai shekara uku ya fi sauran biyun taurin kai.

Ka fara da ido. Kunna fitilar wayarka, manna kumatunka a bango, ka leƙa ta gefe biyu, ta ƙasa, da ta sama (a kan kujera mai ƙarfi, kada ka hau bokiti). Ka ce ba ka ga ƙusa ba, to mutane da dama sun faɗa mini haka na je na tarar da ita. Akwai madubin da aka huda kusurwoyinsa huɗu aka ɗaure da sukuru, aka rufe kan kowane da wata 'yar hula mai sheƙi kamar maɓallin riga. Hular ake murɗawa ta fita, sukurun ya bayyana. Irin wannan, wani ya tallafe madubin, ka sassauta duka huɗun kaɗan-kaɗan, ka zare na ƙasa, na sama su zama na ƙarshe. Akwai mai 'yan maƙalai na ƙarfe ko roba a baki. Shi kuma akasin haka ne, na sama ake turawa sama ko a kwance su, a ɗan karkato madubin a zare shi daga na ƙasa, don su suke ɗauke da nauyin. Akwai wanda yake zaune cikin siririn alminiyam mai kama da kwata. Mai firam kuwa sau da yawa a rataye yake kawai, ɗaga shi za a yi kamar tsawon yatsa ya fito. In ɗaya daga waɗannan ne, aikin minti goma ne. Sai dai wasu masu sakawa suna haɗa biyu, su sa maƙalai su kuma ɗiga gam a baya. In ka kwance komai madubi ya ƙi motsi, kada ka ja.

To mu ɗauka naka gam ne zalla, kamar yadda ka ce. In kana da lambar wanda ya manna shi, kira shi ka yi masa tambaya biyu: da me ya manna, kuma yaya ya shafa. In layin ba ya shiga, kamar yadda aka saba, ka nemi tsohon katin banki ko siririyar wuƙar shafa fenti ka zura a hankali ta gefe har ka taɓo abin. In ka ji yana dannuwa yana dawowa kamar roba, silikon ne, kuma shi na fi zato, don shi kowa yake ɗauka yanzu. In ka hango farin abu siriri mai laushi kamar soso, salatif ne mai gam baki biyu, shi ya fi kowane sauƙi. In abu ne mai launin ruwan ɗorawa da ya bushe, madubin kuma ya lafe da tayil har kati da ƙyar yake shiga, gam ɗin kafintoci ne irin su Evo-Stik. In kuwa ka taɓo abu mai tauri kamar dutse, wato an sa siminti ko gam mai haɗi biyu irin Araldite, to ka yi wa uwargida ta'aziyyar madubinta tun yanzu, wannan ba ya fita da rai.

Yadda aka shafa shi ma yana da magana. Wanda ya san aiki layi-layi yake ja daga sama zuwa ƙasa da tazara, ko ya ɗiga dunƙule-dunƙule, don iska ta shiga gam ya bushe, ruwan da ya shiga baya kuma ya sami hanyar gangarawa. Wannan yana yankuwa cikin sauƙi. Wanda bai sani ba yakan zagaye bakin duka, ya koma tsakiya ya yi ta zane kamar mai kwalliyar kek, har ya ƙarar da robar silikon biyu. Shi ma yana yankuwa, amma sai an yi gumi.

Kafin ka ci gaba, ka tsaya ka yi lissafin da mutane ba sa so su yi. Dubi bakin madubin, musamman na ƙasa. Akwai baƙi-baƙin da ya fara ci daga gefe yana shiga ciki? Akwai tabo a tsakiya da ba ya goguwa? Abin da yake nuna maka fuskarka wani shafen azurfa ne siriri ƙwarai a bayan gilashin, hanyar da masanin kimiyyar nan na Jamus, Justus von Liebig, ya fito da ita a 1835, sai a rufe shi da fenti don kariya. Danshin banɗaki yana bi ta baki ya ci wannan shafen. Silikon na gama-gari, mai warin tsami kamar binega lokacin da ake matsa shi, shi ma yana cin sa ta baya, har ka ga sawun inda aka ɗiga shi yana fitowa ta gaba. Madubin da ya fara haka ba ya gyaruwa, kuma siririyar wayar ƙarfen da za a yanke gam da ita tana iya ƙara karce fentin. In naka ya fara, je wurin mai gilashi ka tambayi kuɗin sabo daidai wannan awon. Sannan ka tuna cewa tayil ɗin da aka saka shekarun baya, sai ka zagaye kasuwa ba ka sami mai irin zanensa ba, kuma mai gida ba zai karɓi tayil ɗaya bare a tsakiyar bangonsa ba. Sau da yawa shawarar da nake bayarwa ita ce a zauna da mai gidan ko wanda zai shigo, a bar masa madubin ya ba da wani abu, kada garin neman gira a rasa ido. In kuwa madubin garau yake, uwargida kuma ta kafe, to bismillah.

Ɗauki makulli ka ƙwanƙwasa tayil ɗin da suke kewaye da madubin. Wanda ya zauna sosai ƙararsa a toshe take. Wanda yake amsawa kamar ganga, bayansa fanko ne, mai sa tayil ya ɗora siminti dunƙule guda a tsakiya ya manna ya wuce. In na kewaye haka suke, na bayan madubin ma haka suke. Wannan ba a littafi na karanta ba, a hannuna yake rubuce. Ina yaron shago, ogana ya tura ni da wani yaro mu sauke madubi a wani otal da ake yi wa kwaskwarima. Mun yanke kusan kashi uku cikin huɗu, na gaji, na ce sauran ai ɗan ja ne kawai. Na ja. Gam bai saki ba, tayil biyu ne suka saki bango suka biyo madubin, nauyi ya rinjaye mu, ya daki bakin famfo ya rabe biyu, rabin ya zame ta kan damtsena. Ɗinki tara aka yi mini, har yau in sanyi ya shigo wurin yana yi mini tsami. Da oga ya zo duba ni, bayan sannu abin da ya fara cewa shi ne, "Wa ya ce ka ja?"

Sai maganar wuta. In madubin irin mai fitila a jiki ne, ko akwai ƙwai a samansa, ko soket a kusa, ka ɗauka akwai wayar lantarki a bayansa har sai ka tabbatar babu. Za ka riƙe wayar ƙarfe da hannu biyu kana goga ta a inda ba ka gani, a ɗakin da ƙasansa ba ya rabuwa da ruwa, wutar gida kuwa bolt 230 ce. Kashe makunnin bango bai isa ba. Je babban akwatin wuta ka sauke, in akwai inbata ko sola ka kashe nata ita ma, a kuma gaya wa yaran gida kada wanda ya tayar da janareta. "Ai an ɗauke wuta" ba kariya ba ce, in za a kawo ba a sallama. Mai fitila a jiki kuwa, mai gyaran wuta ya fara raba wayarsa ya naɗe bakin.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Mutum biyu dole ne, uku ya fi, kuma manya, ban da ɗan shekara goma sha biyun da yake son ya taimaka. Kowa da takalmi sau-ciki maimakon silifas ɗin banɗaki, da dogon wando, da riga mai kauri mai dogon hannu, da safar hannu ta fata ko mai roba a tafi, da tabarau. Babbar riga da jallabiya a tuɓe su. A goge ƙasa ta bushe sarai, a toshe magudanar ruwa da ramin besin da tsumma, a rufe masai. Besin a lulluɓe shi da tsohon bargo a ɗora kwali, don shi ma tangaran ne, kuma ya fi tayil tsada. In akwai 'yar kantar ajiye buroshi a ƙarƙashin madubin, ita ake fara cirewa.

Fuskar madubin a bi ta da faffaɗan salatif irin na ɗaure kwali, a tsaye da a kwance, layi kusa da layi. Salatif ba ya hana fashewa, gutsattsarin kawai yake riƙewa kada su watse. Sannan abin da kusan kowa yake mantawa, a yi wa madubin mazauni. Katako biyu a tsaye daga ƙasa, ɗaya kowane gefen besin, a gitta wani a kansu jingine da bango, a shimfiɗa masa kwali, ya taɓa bakin madubin na ƙasa daidai. Idan gam na ƙarshe ya yanke, a kan wannan madubin zai zauna maimakon ya zame. Kada ka ɗora mazaunin a kan besin ko kan famfo, ba don ɗaukar kaya aka yi su ba.

Yanzu yanka. In an zagaye bakin madubin da silikon, fara tsaga shi da reza ko wuƙar yankan kwali ka zare. Abin yankan na baya kuwa waya ce. Wadda ta fi ita ce wadda masu sa gilashin mota suke yanke gam ɗin gilashin gaba da ita. In ka je garejin da ake wannan aikin za su yanko maka. In ba ka samu ba, ka sayi sabuwar wayar birkin keke ka warware ta ka zaro sili biyu ko uku a murɗe, ko ka nemi igiyar kamun kifi mai saƙa. Tsawonta ya fi faɗin madubin da kamar mita ɗaya, kowane baki a naɗe shi a guntun sanda. Kada ka naɗa a yatsa ko da safar hannu, tana yankan nama fiye da yadda take yankan silikon. Ka tanadi uku ko huɗu, don tana yin zafi ta tsinke.

Ka sa ta ta bayan kusurwar sama, ka ja har ta ratsa faɗin madubin, kai a gefe ɗaya, abokin aikinka a ɗaya gefen, na ukun ya dafe fuskar gilashin da tafin hannu biyu. Sai ku riƙa ja bi da bi kamar masu zarto, kuna gangarowa ƙasa. Sirrin aikin duka a nan yake: hannayenku su lafe da bango, wayar ta riƙa gogar tayil. Da zarar kun jawo ta wajenku, za ta karce bayan madubin ta kuma ci bakin gilashin ta ɓalle shi, daga ɓalli kuwa tsaga take tashi. Ku riƙa ɗiga ruwan sabulu kaɗan daga sama ya bi baya, yana sa wayar santsi yana rage mata zafi, amma a shimfiɗa tsumma a ƙasa ya tare wanda ya gangaro, kada a gyara sama a zame a ƙasa.

Duk inda kuka wuce, ku soka ɗan ninkakken kwali a gefe, irin wanda zai shiga da kansa ba da turawa ba. Aikinsa ya riƙe 'yar ƙofar da kuka buɗe, kada ku nemi ya ƙara muku ita. In waya ta tsaya ta ƙi gaba, kada ku ƙara ƙarfi, ku karkata ta, ɗaya ya yi ƙasa ɗaya ya tsaya sama, ku ci dunƙulen ta gefe. In ta ci karo da abu mai ƙarar ƙarfe, ku tsaya ku leƙa, wataƙila maratayi ne ko ƙusar da ba ku gani ba. Madubi irin naka yana iya cin rabin awa, yana iya cin awa biyu. Kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarshe shi ne inda ake jin ciwo, don sama ya riga ya saki yana neman kifowa, kowa ya gaji, zuciya kuma tana raɗa a ja kawai a huta. A nan mai dafewa ba ya ɗauke hannu ko da wayarsa tana ƙara a aljihu.

Za a ce maka ka hura masa dirayar busar da gashi. Ya danganta da gam ɗin. Salatif mai baki biyu da gam ɗin kafintoci suna laushi da zafi, don haka diraya tana taimako: ka riƙe ta nesa da gilashin kamar faɗin tafin hannu, kana yawo da ita ko'ina na minti biyar zuwa goma, sai a sauke wuta a sa waya tun da ɗuminsa. Silikon kuwa ko a jikinsa. Yana jure zafin da ya kai digiri 200, diraya ba ta zuwa ko kusa, ɓata lokaci ne kawai. Kuma zafi a wuri ɗaya yana tsaga gilashi, don inda ya yi zafi yana buɗewa na kusa da shi bai buɗe ba, balle da safiyar hunturu da bango ya kwana da sanyi. Wuta mai harshe, ko ta kyandir ce, kada ta kusanci wurin.

Akwai inda waya ba ta da hanyar shiga, kamar madubin da aka binne cikin tayil fuskarsu ta zo daidai, ko wanda ya tokare da bango ta gefe biyu, ko wanda aka shafe bayansa duka da gam mai tauri. Wannan ka kira mai gilashi. Muna da robar kama gilashi mai zuƙe iska, in kuma ta kama a sadaukar da madubin, muna lulluɓe shi da salatif, mu ja masa layi da abin yankan gilashi, mu sauke shi yanki-yanki daga sama, tayil ya tsira. Guduma a tsakiyar madubi aikin mai fushi ne.

Da ya saki, ku ɗauke shi a tsaye, mutum ɗaya kowane gefe, hannu ɗaya a ƙasa ɗaya a sama. Gilashi a tsaye ƙaƙƙarfa ne, a kwance kuwa nauyinsa kaɗai yana iya karya shi a tsakiya, musamman in mota ta faɗa rami. Kada kusurwarsa ta taɓa tayil ko siminti ko sau ɗaya. A kan katako ko kwali ake sauke shi, a jingine da ɗan karkata. Ranar tashi a naɗe shi da bargo, a tsayar da shi tsakanin katifu biyu cikin akori-kura a ɗaure, kada 'yan dako su shimfiɗa shi a saman kaya. Silikon da ya rage a bayansa, ka rage masa tudu da reza a kwance, ka bar na jikin fentin. Kada ka kankare, kada ka sa tina (ruwan tsinka fenti) ko fetur, za su ci fentin azurfar ta biyo.

Bangon shi ne mai sauƙi. Sabuwar reza a kwance tana ɗauke silikon daga tayil mai sheƙi ba tare da ta karce shi ba, ɗan abin da ya rage ka murje da busasshen tsumma. Danƙon salatif kananzir yana narkar da shi. Gam ɗin kafintoci sai tina, taga da ƙofa a buɗe, ba sigari ba turaren wuta a kusa. In ka sami ramukan sukuru, mayar da sukurun cikin fishar, wato 'yar robar da ke cikin ramin, zuwa rabi ka ja da filaya su fito tare, ka cike ramin da farin siminti. Ka ɗauki hoton bangon kafin ka miƙa makulli.

In Allah ya ƙaddara ya fashe, kowa ya tsaya inda yake tukuna. Wanda ya yanke, a danne wurin da ƙarfi da tsabtataccen ƙyalle, a ɗaga hannun sama da ƙirji. In gilashi ya nutse a nama kada a zare, a danne gefe da gefensa a tafi asibiti. Ba a zuba toka ko man birki ko fetur a ciwo. Yankan da ya sami wuyan hannu, ko wanda ya sa yatsa ya ƙi lanƙwasa, sai likita ya gani ko da jinin ya tsaya, don ƙila jijiya ce ta taɓu. Manyan gutsattsarin ka kai wa mai gilashi, zai fitar wa uwargida da ƙananan madubai biyu ko uku a ciki. Sauran a naɗe a kwali, a sa cikin buhun siminti a ɗaure, a rubuta a jiki, a kuma faɗa wa mai kwasar shara da baki. Yaran da suke tonon bola da hannu suke yi, wasunsu ba takalmi. A share, a bi da jiƙaƙƙen tsumma a jefar da shi, sannan a kashe fitila a kwantar da tocila a ƙasa, duk ɗan ɓurɓushin da ya rage zai yi ƙyalli. Wuri ne da ake shiga da asuba ido bai gama buɗewa ba.

A sabon gidan kuwa, tunda ina zato shi ma na haya ne, ka ce wa mai sakawa maƙalai kake so, biyu a ƙasa biyu a sama, ramukan kuma ya huda su a layin da ke tsakanin tayil in ya samu. In ya nace sai ya ɗiga silikon, karɓi robar ka duba an rubuta na madubi ne, ka shinshina ka ji ba tsami, layi uku a tsaye sun isa, ya kuma bar 'yar tazara a baya da iska za ta riƙa wucewa.